Peyo: Mai zanen da halittunsa suka fi shi suna

Mutane da dama da suka kalli fim ɗin The Smurfs na 2011 tare da 'ya'yansu ba su san sunan wanda ya ƙago waɗannan shuɗɗan halittu masu fararen huluna ba. Sunansa Pierre Culliford, an fi saninsa da Peyo, kuma an haife shi a Brussels, babban birnin Beljiyam, ranar 25 ga Yunin 1928.

Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, don haka da wuri ya shiga neman na kansa. Ya yi aikin haska fim a silima, daga bisani ya samu gurbi a wani kamfanin zanen katun, inda ya haɗu da André Franquin. Kamfanin bai daɗe ba ya rushe, amma abotar ta ɗore, kuma ita ce ta buɗe masa ƙofar mujallar Spirou a 1952.

A can ya ci gaba da labarin Johan, wani matashin bafade na zamanin sarakunan Turai, wanda shi ne abin da ya fi ƙauna. A cikin wannan labari ne, ranar 23 ga Oktoban 1958, Smurfs suka fara bayyana a matsayin baƙi 'yan wucewa. Sunansu na Faransanci, Schtroumpf, ya samo asali ne a wurin cin abinci, lokacin da kalmar gishiri ta kwanta wa Peyo, ya ƙirƙiro wata nan take. Launin shuɗi kuwa matarsa Nine ce ta zaɓa.

Baƙin nan sai suka ƙwace gida. Bayan kamfanin Hanna-Barbera ya fara nuna su a tashar NBC ta Amurka a 1981, kwangiloli da cinikin 'yan tsana suka cinye lokacinsa, har zanen ya koma hannun mataimakansa, Johan kuma ya yi shekaru a ajiye. Ya samu dukiya, amma ya biya da sana'ar da ya fi so. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 24 ga Disamban 1992, yana da shekara 64.

Shekara 19 bayan rasuwarsa, darakta Raja Gosnell ya ɗauko Smurfs daga ƙauyensu ya jefa su birnin New York, inda halittun kwamfuta suka fito tare da 'yan wasa na zahiri, Hank Azaria a matsayin mugun boka Gargamel. Masu sharhi sun kushe fim ɗin, amma ya tara fiye da Dala miliyan 500.