Fritz Schlumpf, attajirin da ya ɓoye motoci a masaƙa

An haifi Fritz Schlumpf a Italiya a shekarar 1906, amma a yankin Mulhouse na Faransa ne shi da wansa Hans suka yi arziki da masaƙun ulu.

Daga farkon shekarun 1960 ya duƙufa wajen sayen tsofaffin motoci, musamman ƙirar Bugatti. A 1964 aka kawo masa guda 30 a lokaci ɗaya daga Amurka.

A asirce ya ɗauki makanikai da masu fenti da masu ɗinkin kujeru, suna mayar da kowace mota tamkar ranar da aka ƙera ta. Aikin ya yi kyau matuƙa, sai dai a lokacin masaƙun na durƙushewa.

Kamfanin ya karye a 1976, 'yan'uwan suka tsere Suwizalan. A watan Maris na 1977 ma'aikatan da suka rasa abin yi suka kutsa cikin ginin, inda suka tarar da motoci fiye da 400. Sun mamaye wurin kusan shekara biyu.

Gwamnatin Faransa ta hana fitar da motocin daga ƙasar, kuma aka buɗe gidan tarihinsu a 1982. Fritz ya mutu a Basel a 1992.