Uwar Muminai Zainab 'Yar Jahshi, Majemiya Mai Dogon Hannu

 

Mu 'yan ajin ƙarshe aka ɗora wa rubuta tarihin ɗaya daga cikin magabata a littafin bana. Mun zaɓi Uwar Muminai Nana Zainab 'yar Jahshi, Allah Ya ƙara mata yarda, kuma da dalilinmu. A farkon shekarar nan wani ɗan ajinmu ya shigo darasin safe a makare. Daga majema ya taso, ya tsaya taya mahaifinsa aiki. Duk wanda ya san Marwa ya san warin majema ba ya ɓuya. Wasu suka toshe hanci, wasu suka yi dariya, mu da ba mu yi dariyar ba kuma ba mu hana ba. Yaron nan sai da ya yi mako guda bai leƙo makaranta ba. Malaminmu na Hadisi bai doki kowa ba, ko faɗa bai yi ba. Aiki kawai ya ba mu, mu je mu binciko wace ce a cikin matan Annabi (S.A.W) take jima da hannunta. To, ga abin da muka samo.

Nasabarta

Mahaifinta shi ne Jahshi ɗan Ri'abu, daga ƙabilar Banu Asad. Mahaifiyarta kuwa Umaima 'yar Abdulmuɗɗalibi ce, gwaggon Annabi (S.A.W). Kun ga ke nan 'yar gida ce, jikar shugaban Ƙuraishawa. A Makka aka haife ta. Sunanta na yanka Barra, Annabi (S.A.W) ne ya canza mata zuwa Zainab. Kada a haɗa ta da Nana Zainab 'yar Khuzaima, wadda ake wa laƙabi da uwar miskinai, domin waccan tun Annabi yana raye ta rasu.

Gidansu na daga cikin gidajen da suka karɓi Musulunci da wuri. Ɗan'uwanta Abdullahi ɗan Jahshi ya yi shahada a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Tana da 'yar'uwa mai suna Hamna, da ɗan'uwa makaho mawaƙi, Abu Ahmad. Da lokacin hijira ya yi, gaba ɗayansu suka tashi, maza da mata, suka bar gidansu na Makka a kulle ba kowa. Daga baya Abu Sufyanu ya kama gidan ya sayar. Haka 'yar manyan gari ta shiga Madina a matsayin baƙuwa.

Aurenta

A Madina Annabi (S.A.W) ya nema wa Zaidu ɗan Harisa aurenta. Zaidu 'yantaccen bawa ne, ita kuma tana ji da asalinta, saboda haka da fari ba ta so ba. Malaman tafsiri sun ce a kan wannan ne aya ta 36 ta Suratul Ahzab ta sauka, sai ta bi umarni. Amma zama bai yi daɗi ba. Zaidu ya sha kai ƙara, Annabi (S.A.W) yana ba shi haƙuri, har dai a ƙarshe suka rabu.

A al'adar Larabawa ta wancan zamani, ɗan riƙo daidai yake da ɗan cikinka, har ana kiran Zaidu da ɗan Muhammadu. Allah Ya rushe wannan al'ada, Ya aurar da Zainab ga Annabinsa bayan ta gama idda, kamar yadda ya zo a aya ta 37 ta wannan sura. An yi wannan a shekara ta 5 bayan hijira. Ita kanta takan yi wa abokan zamanta alfahari da cewa su iyayensu ne suka aurar da su, ita kuwa Allah ne Ya aurar da ita daga saman sammai bakwai. Anas ɗan Malik ya ba da labarin walimarta, cewa an yanka akuya, an ciyar da mutane gurasa da nama har suka ƙoshi suka bari. A ranar ne ma ayar hijabi ta sauka, aya ta 53, bayan wasu mutane sun tsaya hira a ɗakin amarya sun ƙi tashi.

Sana'arta

Nan ne inda muka sha mamaki. Matar da aka ɗaura aurenta daga sama, ita ce take zama ta jeme fata, ta ɗinka, a sayar, ta ba da kuɗin sadaka. Imamu Hakim ya kawo wannan siffa tata a cikin Mustadrak daga Nana A'isha. A Sahihu Muslim kuma akwai hadisin da Annabi (S.A.W) ya shigo wajenta ya tarar tana cikin murza fatar da take jemewa. Wato ba umarni take bayarwa a yi mata ba, hannunta ne a ciki dumu-dumu.

Fata a lokacin babban abin amfani ce. Da ita ake yin salkar ruwa, da guga, da huffi, da takalmi, da shimfiɗa. Matashin kan Annabi (S.A.W) ma na fata ne, an cika shi da zaren dabino. Lokacin da Ƙuraishawa suka aika wa Najjashi sarkin Habasha da tsaraba don ya maido musu da Musulmi, mafi yawan tsarabar jemammiyar fata ce, domin ita ce kayan Makka da ya fi so.

Aikin kuwa ba na son jiki ba ne, ku tambayi 'ya'yan majema da ke cikinmu. Sai an jiƙa fata, a sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare gashin da sauran naman da ya maƙale, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa kwana da kwanaki ana juyawa. Bayan nan a shanya, a shafa mai, a yi ta murza har ta yi laushi. Kafin a gama, hannu ya rine, farce ya canza launi, wari kuma ya kama tufa. Majeman Hijaz da wani abu suke jima mai suna ƙaraz, wanda ya zo a hadisin da ke cewa ruwa da ƙaraz suna tsarkake fatar mushe. Malaminmu na Lugga ya fassara mana shi da bagaruwa, kuma waɗanda suka zauna Chadi da Sudan a cikinmu sun ce can garad ake kiranta. Ashe abin da iyayenmu suke daka wa fata a nan, irinsa ake dakawa a Madina.

Abin lura shi ne, ba yunwa ce ta sa ta wannan aiki ba. Cinta da shanta yana wuyan mijinta kamar sauran matansa. Tana yi ne don ta samu abin da za ta bayar daga gumin kanta.

Halayenta

Nana A'isha ta faɗa da bakinta cewa Zainab ce take gogayya da ita wajen matsayi a gurin Annabi (S.A.W). Duk da haka ta shaide ta da tsoron Allah, da gaskiyar magana, da sada zumunci, da yawan sadaka. Ba ta ɓoye aibinta ba, ta ce tana da saurin fushi, amma nan da nan take hucewa. Lokacin da munafukai suka yi wa Nana A'isha ƙazafi, Annabi (S.A.W) ya tambayi Zainab abin da ta sani. Da wata ce, ai dama ta samu. Ita kuwa ta kame kunnenta da idonta, ta ce alheri kawai ta sani, alhali 'yar'uwarta Hamna ta faɗa cikin masu yaɗa maganar.

Ibada ma ba a bar ta a baya ba. Kun tuna hadisin da muka karanta a Riyadus Salihina, na igiyar da aka ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu na masallaci, wadda aka ce ta Zainab ce, tana riƙewa idan ta gaji da tsayuwar dare? Masu sharhi da yawa sun ce ita ce wannan Zainab ɗin. Annabi (S.A.W) ya sa aka kwance igiyar, ya koyar da cewa mutum ya yi nafila gwargwadon ƙarfinsa, in ya gaji ya huta.

Dogon hannu

Wata rana Annabi (S.A.W) ya sanar da matansa cewa wadda ta fi su dogon hannu ita za ta riga haɗuwa da shi bayan rasuwarsa. Sai suka ɗauki maganar a kan zahirinta. Sukan taru su gwada hannuwansu da kara ko a jikin bango, kuma na Nana Saudatu ne ya fi tsawo. Zainab kuwa gajeruwar mace ce, ba wadda ta kawo ta a lissafi. Sai da ta riga su rasuwa sannan suka gane cewa tsawon hannu na kyauta ake nufi. Nana A'isha ta bayyana dalilin, cewa Zainab tana aiki da hannunta ne tana sadaka. A nan za mu yi hattara, domin a Hausarmu in an ce wane yana da dogon hannu, ɓarawo ake nufi. A Larabcin hadisin nan kuwa yabo ne, hannu ne da yake kaiwa ga mabuƙata na nesa da na kusa.

A zamanin halifancinsa, Sayyidina Umar ya yanka wa matan Annabi kaso daga baitulmali, aka kawo mata dirhami 12,000. Da fari ta zaci rabawa za a yi tsakaninsu. Da aka ce duk nata ne, sai ta sa aka zube kuɗin aka lulluɓe da mayafi. Ta sa wata mata mai suna Barza 'yar Rafi'u ta riƙa sa hannu ƙarƙashin mayafin tana ɗibowa, tana kai wa dangi da marayu gida-gida. Da Barza ta tuna mata cewa su ma fa suna da haƙƙi, ta bar musu abin da ya rage. Aka ɗaga mayafi, dirhami 85 ne. Sannan ta roƙi Allah kada kason wata shekara ya same ta a raye, kuma Allah Ya karɓa.

Rasuwarta

Ta rasu a Madina a shekara ta 20 bayan hijira, daidai da 641 miladiyya, tana da shekara 53. Tun kafin nan ta tanadi likkafaninta. Ta yi wasiyya cewa in Umar ya aiko da wani, a yi sadaka da ɗaya, kuma haka aka yi. Sayyidina Umar ne ya yi mata salla, aka binne ta a Baƙi'a. Ba ta bar dinari ko dirhami ba.

Abin da muka ɗauka

Da muka gama haɗa wannan, kunya ta kama mu. Gafakar da muke rataya Alƙur'ani a ciki, da buzun da liman yake salla a kai, da takalmin ƙafarmu, duk ta majema suka biyo. A gidajenmu da yawa, uba yana jima ko dukanci, uwa tana ɗinkin hula ko saƙar faifai, yara suna yanka da kai kaya kasuwa, kuma da wannan ake biya mana kuɗin makaranta. Mun je har gida mun ba ɗan'uwanmu haƙuri, mahaifinsa ya karɓe mu da fara'a, har ya zaga da mu ya nuna mana ramukan jima. Yanzu ya dawo karatu, alhamdu lillahi.

Kiranmu ga ƙannenmu da za mu bari, musamman 'yan mata, shi ne kada karatu ya sa ku raina sana'ar gidanku. Ku zauna kusa da iyaye ku koya tun suna raye, ko saƙa ce, ko ɗinki, ko dukanci. Mu a ajinmu mun buɗe asusu, duk wanda ya sayar da aikin hannunsa yana jefa abin da ya sawwaƙa, kuma da shi muka saya wa marayu biyu na ajin farko littattafai. Mun bar asusun a hannun malaminmu don ajin da ke biye da mu ya ci gaba.

Allah Ya ƙara wa Uwarmu Zainab yarda, Ya sa albarka a sana'ar iyayenmu, Ya saka wa malamanmu da alheri. Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana.