Marigayi Alhaji Abubakar Imam da Littattafan da Ya Bar wa 'Ya'yanmu

 A wannan fitowa ina so in ɗan taƙaita tarihin wani bawan Allah wanda kusan dukkanmu mun sha daga rijiyarsa tun muna firamare, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam. Dalilina shi ne, yawancinmu yanzu mun zama iyaye, 'ya'yanmu suna makarantun firamare, kuma sau da yawa idan aka haɗu akan tambayi juna wane littafi ya kamata a saya wa yaro. A ganina amsar tana cikin rayuwar wannan dattijo.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda ke cikin Jihar Neja a yau, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, don haka da karatun allo ya fara buɗe ido kafin ya shiga boko. Daga baya ya bi wansa, Malam Bello Kagara, zuwa Katsina, inda ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927, makarantar da daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya. Ya gama a 1932, aka ɗauke shi malami a Makarantar Midil ta Katsina. Ke nan tun kafin a san shi marubuci, malamin aji ne wanda ya san abin da ke jan hankalin yaro da abin da ke sa shi gyangyaɗi.

A wancan zamani makarantun boko na Arewa suna fama da wata matsala. Ana koya wa yara haɗa baƙi da wasali, amma in sun iya babu abin da za su karanta don nishaɗi. Don magance haka ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A lokacin bai wuce shekara 22 ba. Wanda duk ya karanta yadda Alhaji da Malam Zurƙe suka yi ta shirya wa juna gadar zare daga gari zuwa gari, ya san saurayin ya iya bakinsa.

Wannan basira ce ta sa East ya nemi a ba shi aron malamin. A 1936 Imam ya zauna Zariya na tsawon wata shida, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. An ajiye masa littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam, irin su Alfu Laila na Larabawa da tatsuniyoyin Indiya da na Turai. Shi kuwa sai ya riƙa ɗaukar ƙashin labari ya sa masa rigar Hausa, da sarki da waziri da dogarai da kasuwa da karin magana, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru.

Sa'an nan ya ɗinke labaran, sama da 80, da zare ɗaya. A littafi na ɗaya aku ne yake riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. A na biyu akun yana gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Hikimar da ke nan ita ce, yaro na iya karanta labari ɗaya a zama ɗaya ya gama, amma son jin yadda za ta kaya da aku zai sake dawo da shi gobe. Haka ake kama yaro da karatu ba tare da bulala ba.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta kimanin shekara 12. A 1943 yana cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. Labarin wannan tafiya shi ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya taka rawa a farkon siyasar Arewa, ya zauna majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Mu da ke aikin gwamnati ya dace mu lura cewa duk wannan hidima ba ta raba shi da alƙalami ba. Jami'ar Ibadan ta karrama shi da digirin girmamawa na Dokta. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.

To, me ya rage gare mu? Da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna makarantun kuɗi inda ake ganin magana da Hausa laifi ne. Za ka ga yaro yana aji biyar, yana jin Hausa a baki, amma in ka miƙa masa takarda sai ya yi ta in-ina. Alhali kuwa yaron da ya saba karatu da harshen da ya tashi da shi, ya fi saurin gane abin da ya karanta ko da ya koma Turanci ko Larabci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga shawarata. Yaron da ke aji ɗaya zuwa uku, uba ko uwa su riƙa karanta masa gajerun labaran dabbobi daga Magana Jari Ce na ɗaya, bayan sallar isha'i, labari ɗaya kowane dare, sa'an nan a ce ya maimaita da bakinsa. In ya kai aji huɗu a bar masa littafin a hannunsa, a haɗa masa da Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da kuma Ikon Allah, wanda Imam ya rubuta tare da East a kan halittu da al'amuran duniya. 'Yan aji biyar da shida kuwa sun isa Ruwan Bagaja da sauran littattafai biyu na Magana Jari Ce. Sai dai iyaye su fara dubawa, domin akwai labaran da suka shafi zaman aure da makirci waɗanda suka fi dacewa da manya.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa wannan batu cikin ajandar taronmu na gaba. In kowane aji da ya fita daga makarantarmu ya ɗauki nauyin makarantar firamare ɗaya, ya saya mata waɗannan littattafai, ya kuma nemi malami ɗaya ya kula da bayar da aronsu, kuɗin ba zai kai abin da muke kashewa a liyafa ɗaya ba. Malamanmu na Hausa da suka yi ritaya suna nan da ransu, za su iya taimaka mana da zaɓen abin da ya dace da kowane aji.