George Everest

Sir George Everest (4 ga Yuli, 1790 – 1 ga Disamba, 1866) masanin safiyo ne ɗan Birtaniya, wanda ya shugabanci hukumar safiyo ta Indiya daga 1830 zuwa 1843. Sunansa aka raɗa wa tsauni mafi tsayi a duniya, wanda ke cikin jerin tsaunukan Himalaya.

Aiki

A 1818 ya zama mataimakin William Lambton a babban aikin auna ƙasar Indiya, kuma ya gaje shi a 1823.

Sunan tsaunin

Da farko masu awo suna kiran tsaunin Ƙololuwa ta 15. A 1856 magajin Everest, Andrew Waugh, ya sanar cewa tsayinsa ƙafa 29,002 ne, ya kuma nemi a sa masa sunan tsohon ubangidansa. Everest ya nuna rashin amincewa, domin a ganinsa sunan ba zai rubutu da Hindi ba, kuma zai yi wa mutanen Indiya wuyar faɗa. Duk da haka aka tabbatar da sunan a 1865. Mutanen Tibet suna kiran tsaunin Chomolungma, a Nepal kuwa Sagarmatha. A 2020 Sin da Nepal suka sanar cewa tsayinsa mita 8,848.86 ne.