Jerom na Baitalami: Malamin da Ya Bi Sawun Sunayen Allah Har Cikin Ibrananci

Duk inda muka buɗe Tsohon Alkawari da Hausa muka ci karo da Ubangiji, ko Maɗaukaki, ko Mai Iko Dukka, akwai wani suna na Ibrananci a ƙarƙashin kalmar, wanda mai fassara ya tsaya a kansa ya yi tunani kafin ya zaɓi abin da zai rubuta mana. Cikin malaman ikkilisiyar farko ba wanda ya sha wahalar wannan aiki kamar Jerom. Mutum ne mai ilimi sosai, mai kaifin baki kuma fiye da kima, kuma za mu faɗi duka biyun.

An haife shi wajen shekara ta 347 a wani ƙaramin gari mai suna Sitiridon, a kan iyakar lardin Dalmatiya cikin mulkin Roma. Iyayensa masu bi ne, suna da abin hannu, sai suka aike shi Roma karatu tun yana yaro. A can ya zauna a gaban Donatus, shahararren malamin nahawun Latin, ya kamu da ƙaunar littattafan Romawa, musamman na Sisero. A Roma aka yi masa baftisma yana saurayi. Ranar Lahadi shi da abokansa sukan shiga ramukan ƙarƙashin ƙasa inda aka binne masu bi na dā, su yi ta zagaya kaburbura cikin duhu.

Wajen 373 ya nufi gabas, ya sauka Antakiya, ya kwanta rashin lafiya mai tsanani. Cikin zazzaɓin ya yi mafarki an gurfanar da shi gaban kursiyin shari'a, aka tambaye shi ko shi wane ne. Da ya amsa cewa shi Kirista ne, sai aka ƙaryata shi, aka ce almajirin Sisero ne, gama a can zuciyarsa take. Ya farka da rantsuwar ba zai ƙara taɓa littattafan arna ba. Bai iya cika rantsuwar ba har ƙarshe, kuma abokan gābarsa ba su bar shi ya manta da haka ba.

Daga nan ya shiga hamadar Suriya, kusa da Kalkis, ya zauna cikin masu zuhudu wajen shekara biyu. Azumi bai kashe masa tunanin 'yan matan Roma ba. Don ya sami abin da zai ɗaure hankalinsa, sai ya roƙi wani ɗan'uwa, Bayahude da ya karɓi Almasihu, ya koya masa Ibrananci. Harshen ya yi masa nauyi a maƙogwaro, ya sha yarwa ya sake ɗauka. Abin da ya fara a matsayin horon jiki, shi ya zama aikin rayuwarsa. A zamaninsa kusan dukan ikkilisiya da fassarar Helenanci take karanta Tsohon Alkawari, wadda ake kira ta Saba'in, masu jin Latin kuma suna karanta fassarar wannan fassara. Da wuya a sami bishop ɗaya da zai iya karanta Ishaya da harshen Ishaya.

An naɗa shi firist a Antakiya, ya yi ɗan zama a Kustantiniya yana koyo wurin Girigori na Naziyanzus, sa'an nan ya koma Roma a 382. Damasus, bishop na Roma, ya ɗauke shi magatakarda, ya kuma ba shi aikin gyara Bisharu huɗu na Latin, domin kwafe-kwafen da ke hannun jama'a sun sha bamban da juna ƙwarai. Ya gama wajen 384.

A wannan zama na Roma ne abin da ya fi shafar darasinmu ya faru. Akwai wata gwauruwa 'yar babban gida mai suna Marsela, wadda mijinta ya rasu bayan wata bakwai da aure, ta ƙi sake aure, ta mai da gidanta da ke kan tudun Abentin wurin addu'a da nazarin Maganar Allah ga mata. Jerom yakan je ya koyar. Marsela ba irin ɗalibar da ke gyaɗa kai ba ce. In an ba ta amsa sai ta juya ta, ta kawo wata tambaya. Wata rana yana bayyana farkon Zabura 91, ya ambata cewa inda Latin ɗinsu ya ce Allah na sama, a Ibrananci Shaddai aka rubuta, kuma wannan ɗaya ne daga sunaye goma da Ibraniyawa ke kiran Allah da su. Nan take ta nemi ya rubuto mata duka goman da ma'anarsu. Wasiƙar da ya aika mata a 384 tana nan har yau, ba ta kai shafi biyu ba.

Ya fara da El, wanda Saba'in suka fassara Allah kawai, amma Akila, wani mai fassara da ya shiga Yahudanci, ya ba shi ma'anar mai ƙarfi. Ya bi da Elohim da Elowa, duka Allah ke nan. Elohim shi ne sunan da ya buɗe Littafin Farawa, kuma shi ne Littafinmu na Hausa ke kira Allah. Na huɗu Saba'ot, wato runduna, inda muka samo Ubangiji Mai Runduna, sunan da Dawuda ya kira sa'ad da ya fuskanci Goliyat da majajjawa. Na biyar Eliyon, Maɗaukaki, wanda Malkisadik ya sa wa Ibrahim albarka da shi. Na shida shi ne amsar da Musa ya samu a wurin kurmin da ke cin wuta, a Fitowa sura 3, sunan da ke nuna Allah shi ne mai kasancewa, ba wanda ya kawo shi, ba kuma abin da ya dogara a kai. Na bakwai Adonai, wato ubangiji ko maigida. Na takwas Yah, kuma a nan Jerom ya nuna wa Marsela abin da yawancinmu muke furtawa kowace Lahadi ba tare da mun lura ba: gaɓar ƙarshe ta Halleluya sunan Allah ce. In mai bishara ya ɗaga murya jama'a suka amsa, da Ibrananci ake cewa a yabi Yah.

Na tara shi ne sunan nan mai baƙaƙe huɗu, yod, he, waw, he, wanda a yau ake rubutawa Yahweh. Yahudawa sun daina furta shi saboda girmamawa. In mai karatu ya iso wurin sai ya ce Adonai. Jerom ya ba da labarin wani kuskure mai ban dariya da ban tausayi. A wasu littattafan Helenanci masu kwafi sun bar sunan da baƙaƙensa na Ibrananci. Ibrananci daga dama ake karanta shi, kamar ajami, Helenanci kuwa daga hagu, kamar boko. Sai waɗanda ba su sani ba suka ga baƙaƙen sun yi kama da nasu, suka karanta daga hagu, suka riƙa kiran sunan Pipi. Mutane masu tsoron Allah ne, da zuciya ɗaya suke karatu, amma zuciya ɗaya ba ta hana su kiran Allah da sunan da ba shi da ma'ana ba. Na goma shi ne Shaddai ɗin da ya jawo tambayar, wanda ya bayyana mata da mai ƙarfi, wanda ya isa ya aikata kome. Masana har yanzu suna gardama a kan asalin kalmar, amma a fassararsa Jerom ya fi mayar da ita Mai Iko Dukka, kuma hanyar da fassarori masu yawa suka bi ke nan. Marsela ba ta tsaya nan ba. Ta sa ya rubuto mata ma'anar Halleluya, Amin, Maranata da Sela. Bayan ya bar Roma, har firistoci sukan zo wurinta da tambayoyin Nassi. Zumuntar mata tana da kaka a wannan baiwar Allah.

Barin Roma bai zo da daɗi ba. Jerom ya riga ya tara maƙiya da alƙalaminsa, yana yi wa malaman birnin ba'a a kan kwaɗayi da ado. Sai Bilesila, 'yar wata gwauruwa mai arziki mai suna Paula, ta mutu tana da shekara kamar 20, 'yan watanni bayan ta shiga matsanancin azumi ƙarƙashin koyarwarsa. Jama'a suka ɗora masa laifi, kuma a ganinmu ba duka zargin ne ƙarya ba: ya ɗaukaka wahalar da jiki da rashin aure fiye da yadda Nassi ya ɗaukaka su. Damasus, garkuwarsa, ya rasu a Disamba 384. A Agusta 385 Jerom ya shiga jirgin ruwa, bai sake ganin Roma ba.

A 386 ya zauna a Baitalami. Paula da 'yarta Yustokiyum suka biyo shi, kuma da dukiyar Paula aka gina gidajen zuhudu na maza da na mata, da masaukin baƙi. Ita kanta ta koyi Ibrananci har tana rera Zabura da shi. Jerom ya ci gaba da biyan malaman Yahudawa su koya masa. Ɗayansu, Baranina, da dare yake zuwa don tsoron mutanensa.

Wajen 390 ya fitar da littafin ma'anar sunayen Ibrananci, ya bi Littafi Mai Tsarki littafi bayan littafi yana fassara sunayen mutane da wurare. Mu da muke raɗa wa 'ya'yanmu Godiya, Alheri da Murna, ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalilinsa ba. Sunayen Ibraniyawa da yawa wa'azi ne a dunƙule, kuma sunan Allah na cikinsu. El yana ƙarshen Daniyel, Allah ne alƙalina, yana cikin Isma'ilu, Allah yana ji, yana cikin Immanuwel, Allah tare da mu. Yah yana cikin Ishaya, ceto na Ubangiji ne. Iliya ya haɗa duka biyun, Yah ne Allahna, kuma wanda ya san haka zai ga cewa abin da jama'a suka yi shela da shi a Dutsen Karmel bayan wuta ta sauko, kusan sunan annabin ne suke maimaitawa. Sunan Yesu ma daga Joshuwa ya fito, Ubangiji yana ceto, abin da ya sa mala'ika ya haɗa sunan da ceton mutane daga zunubansu a Matiyu sura 1. Sai dai littafin Jerom yana da kurakurai da dama, domin ya gāji tsofaffin jerin sunaye na Helenanci waɗanda wasu ma'anoninsu zato ne kawai. Ba kowace ma'anar suna da ta daɗe ana faɗa a bagade ce ke da tushe ba.

Babban aikin ya ɗauke shi kimanin shekara 15, daga wajen 390 zuwa 405: fassara Tsohon Alkawari kai tsaye daga Ibrananci zuwa Latin. Da ya iso ga sunan mai baƙaƙe huɗu, ya bi al'adar Yahudawa da ta Saba'in, ya sa kalmar Latin mai ma'anar Ubangiji. A Fitowa 6:3, inda maganar a kan sunan kansa take, sai ya rubuta Adonai. Irin wannan hanya ce ta sa mu ma, tun cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, muke karanta Ubangiji a dubban wurare inda Ibrananci ke da sunan alkawari. Ribarta ita ce mai karatu yana ganin yadda manzanni suka ɗauki ayoyin da ke magana a kan Ubangiji na Tsohon Alkawari suka ɗora su a kan Yesu, kamar yadda Bulus ya yi da Yowel a Romawa sura 10. Hasararta kuwa, yana iya mantawa cewa Allah ya ba Musa suna ne na kansa, ba muƙami kawai ba. Shi ne kuma ya bambanta littattafan da ke cikin Ibrananci da waɗanda babu su a can, ya ce na biyun a karanta su don ƙarfafawa amma kada a kafa koyarwa a kansu. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 sun tsaya a kan wannan.

Ba a karɓi aikin da tafi ba. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya rubuto masa yana tsoron fassarar za ta raba masu Latin da masu Helenanci. Ya ba shi labarin abin da ya faru a Oya, inda Tarabulus ta Libiya take yanzu. An karanta Yunana sura 4 daga sabuwar fassara, jama'a suka ji tsiron da ya yi wa annabin inuwa ba duma ba ne kamar yadda suka saba, wani ganye ne mai hawa bango. Hayaniya ta tashi, har bishop ya ga zai rasa garkensa, ya koma tsohuwar kalma. Jerom ya mayar da martani da zafi. Abin dariyar shi ne, tsiron da Ibrananci ke nufi, a ganin masana da yawa, zurma ce, ba duma ba, ba kuma abin da Jerom ya rubuta ba. Wanda ya taɓa ganin yadda dattawa ke karɓar sabuwar fassara ko sabon littafin waƙoƙi zai gane mutanen Oya.

Faɗa bai taɓa rabuwa da shi ba. Ya yi da Jobiniyan a kan aure, ya yi da Bijilantiyus, ya yi da Felajiyus. Mafi muni shi ne na Rufinus, abokinsa tun ƙuruciya, wanda suka ɓata a kan koyarwar Orijen. Ko bayan mutuwar Rufinus bai daina zaginsa a rubuce ba. Mutumin da ya iya bayyana sunayen Allah goma, jinkirin fushi ya gagare shi.

Paula ta rasu a 404, ta ƙarar da dukiyarta kaf. A 410 mayaƙan Alarik suka ci Roma, suka shiga gidan Marsela suka yi mata dūka suna neman dukiyar da ta riga ta rabar, ba ta daɗe ba ta rasu. Labarin ya iske Jerom yana shirin sharhin Ezekiyel, ya ajiye alƙalami na wani lokaci, ga kuma 'yan gudun hijira suna kwararowa Baitalami, waɗanda dā masu bayi ne yanzu suna roƙon abinci. A 416 wasu 'yan tarzoma suka sa wa gidajen zuhudun wuta, aka kashe dikon guda. Yustokiyum ta riga shi tafiya da ɗan lokaci kaɗan. Idanunsa sun raunana, yana faɗa ana rubuta masa. Ya rasu a Baitalami ranar 30 ga Satumba, 420, sharhinsa na Irmiya bai ƙare ba.

Fassararsa, wadda daga baya aka kira Bulgata, ta zama Littafi Mai Tsarki na Turai ta yamma fiye da shekara 1,000, kuma ita ce Gutenberg ya buga da injinsa wajen 1455. Ranar rasuwarsa ce ake kiyayewa yanzu a matsayin ranar masu fassara ta duniya.