Biyole-le-Duk, Mai Gyaran Tsofaffin Masujadai

Ran Litinin 15 ga Afrilu 2019, cikin makon da mu ke tunawa da shan wuyar Ubangijinmu, wuta ta kama rufin babbar masujada ta birnin Faris, wadda a ke kira Notar-Dam. Wajen ƙarfe takwas na yamma doguwar tsororuwarta ta karye ta faɗa ciki, mutane kuwa suna tsaye a bakin kogi suna kuka. Da yawa cikinsu suna tsammani tsororuwan nan ta yi shekara ɗari takwas kamar sauran ginin. Ba haka ba ne. Shekararta 160 ce kaɗai, aikin wani mutum ne wanda mu ke so mu ba ku labarinsa a wannan wata. Faransawa suna rubuta sunansa Eugène Viollet-le-Duc, a baki kuwa Biyole-le-Duk ne. Mu za mu ce da shi Biyole domin sauƙi.

An haife shi a Faris ran 27 ga Janairu 1814. Ubansa ma'aikacin gwamnati ne, daga baya ya zama mai lura da gidajen sarki. Kawunsa mai zane ne, a wurinsa kuma yaron ya saba da alƙalami da takarda tun yana ƙarami. Da ya isa shiga babbar makarantar da a ke koyon tsara gini, sai ya ƙi. A ganinsa makarantan nan ba ta koya wa ɗalibai kome sai kwaikwayon ginin Helenawa da Romawa na dā, ta raina ginin kakanninsu. Maimakon haka ya yi aiki a hannun waɗansu masu tsara gini, sa'an nan ya ɗauki jakarsa ya bi ƙasar Faransa gari gari, yana auna tsofaffin masujadai yana zana su. A 1836 ya tafi Italiya, ya yi fiye da shekara guda a can yana wannan aiki.

Sai mu faɗi halin da masujadan ƙasar su ke ciki a lokacin. A 1789 mutanen Faransa suka tayar wa sarkinsu, fushinsu kuwa ya faɗa a kan ekklesiyar Roma, domin suna ganin bakinta ɗaya da sarauta. Aka ƙwace masujadai, aka sayar da waɗansu, aka rushe su domin a sami dutsen gini. A gaban Notar-Dam akwai siffofin sarakunan Yahuda 28 na dutse. A 1793 aka sauko da su aka sare musu kai, gama mutane sun ɗauka sarakunan Faransa ne. Ita masujadar ma har ɗakin ajiya aka mai da ita. Bayan ƙura ta lafa, abin da hannu bai rushe ba ruwa da sanyi suka ci gaba da ci. Sai a 1834 gwamnati ta sa wani marubuci mai suna Merime ya zama mai duba tsofaffin gine-gine na ƙasa duka. Merime kuwa ya san gidan su Biyole, ya kuma san hannun yaron.

A wani gari mai suna Bezele akwai wata babbar masujada a kan tudu, wadda aka gina tun wajen 1120. Tsawa ta faɗa mata a 1819, bangonta ya tsattsage, rufinta na dutse yana shirin zubowa. Sa'ad da Merime ya zauna ciki yana zane, yana ta jin ƙananan duwatsu suna faɗowa kewaye da shi. Manyan masu tsara gini suka ƙi karɓar aikin, don kada ginin ya faɗi a hannunsu sunansu ya ɓaci. A 1840 Merime ya ba Biyole, yana da shekara 26, ba shi da takardar shaidar kowace makaranta.

Bai fara da ado ba. Ya fara da tambaya: me ya sa ginin nan ya tsaya, me kuma ya sa ya ke so ya faɗi? Duk wanda ya taɓa zama kusa da magini sa'ad da ya ke ɗaura bakan soro ya san baka ba ƙasa kaɗai ta ke dannawa ba, tana kuma tura bango waje. Idan bango bai sami abin da zai tokare shi ba, sai ya buɗe, rufi ya zubo. Maginan dā na Faransa sun san wannan, shi ya sa su kan gina waɗansu bakuna na dutse daga waje su tokare bangon. Biyole ya tallafe ginin da katako, ya sauko da bakunan da suka lalace, ya sāke ɗaura su, ya kuma sāke gina matokaran waje. Aikin ya ci shekara 19. Masujadar tana nan tsaye har wa yau.

Amma tun a Bezele aka ga halinsa na biyu. Waɗansu sassan rufin an sāke su a wani zamani na baya da wani irin fasali dabam. Biyole ya rushe yawancinsu, ya mai da su irin fasalin farko, domin ginin ya zama iri ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A 1844 aka ba shi gyaran Notar-Dam, shi da abokinsa Lasus. An sa harsashin masujadan nan a 1163. Wani littafin labari da Biktor Hugo ya fitar a 1831 ya sa mutanen birni sun fara jin kunyar yadda suka bar ta. A 1845 majalisa ta ba da faran 2,650,000, ana tsammani za su isa. Kafin shekara biyar sun ƙare, aiki ya tsaya. Dattawan da suka taɓa riƙe kuɗin gini ba za su yi mamaki ba. Kafin a gama, abin da aka kashe ya wuce faran miliyan 12. Lasus ya rasu a 1857, Biyole ya ci gaba shi kaɗai har aka keɓe masujadar a 1864.

Babbar wahalarsa ita ce rashin ma'aikata. An daɗe ba a yi irin wannan gini ba, masu sassaƙa dutse da kafintoci da maƙera da masu haɗa gilashi mai launi sun manta da hanyar kakanninsu. Sai wurin aikin ya zama makaranta. Biyole ya kan zana kowane abu da hannunsa, daga ginshiƙi har ƙyauren ƙofa da indararo, ya miƙa wa mai sana'a, ya tsaya ya ga yadda za a yi. A ganinmu wannan shi ne mafi girma cikin ayyukansa, ko da ya ke ba shi a kan fi ambata ba. Ya tarar da sana'a tana bakin mutuwa, ya bar ta da masu yi. Abin da ya koya kuma bai ɓoye ba. Daga 1854 zuwa 1868 ya rubuta ƙamus na ginin Faransa na dā, littafi 10, cike da zanen hannunsa.

Aka sassaƙa sababbin sarakunan Yahuda aka mai da su wurinsu. Kawunan na fari 21 sai a 1977 aka tono su a farfajiyar wani gida cikin birnin. Biyole ya gina sabon ɗakin ajiyar kayan sujada a gefe, da fasalin dā, har baƙo ba zai rarrabe shi da tsohon ginin ba. A kan hasumiya ya jera waɗansu dodanni na dutse waɗanda babu su a dā, daga kansa suka fito. Sa'an nan tsororuwa. Ta farko an sauke ta tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, domin ta ruɓe tana rawa da iska. Biyole ya tsara sabuwa wadda ta fi ta farko tsawo da ado, ƙafa wajen 315 daga ƙasa, ta itacen ok mai nauyin tan 500, an lulluɓe ta da dalma tan 250. Aka gama ta a 1859. A gindinta ya sa siffofi 16 na jan ƙarfe, manzanni 12 da alamun masu bishara 4. Mu ba mu sa irin waɗannan a masujadanmu, amma akwai abin lura a nan. Dukan manzannin suna duban birni, sai Toma kaɗai ya juya baya ya ɗaga kai yana duban tsororuwa. Fuskar da aka yi wa Toma kuwa fuskar Biyole ce.

Yanzu mu komo kan halin nan nasa na biyu. Cikin ƙamus ɗinsa ya bayyana ra'ayinsa a fili, cewa gyaran tsohon gini ba toshe tsaga ba ne kaɗai, a'a, a kai shi ga cikar da ta dace da shi, ko da bai taɓa kai wa cikan nan ba a kowane zamani. A Ingila wani mai suna Jon Raskin ya riga ya koyar da akasin haka tun 1849. Shi a wurinsa irin wannan gyara ƙarya ce, kuma ta fi rushewa muni, gama wanda ya rushe an san ya rushe, amma wanda ya sāke gini ya ce tsoho ne ya ruɗi jikoki. Shawararsa ita ce a lura da gini tun da wuri, a tokare shi, a hana ruwa shiga, idan kwanansa ya ƙare a bar shi.

Wane ne da gaskiya? Mu dai muna gani Raskin ya faɗi abin da ya kamata a ji, amma da an bi shi a Bezele da yanzu tarin duwatsu ne. Biyole kuma ya ceci abin da ba wanda ya yarda ya taɓa, amma sau da yawa bai san inda zai tsaya ba. Dubi Karkason, tsohon birni a kudancin Faransa mai ganuwa biyu da hasumiya 52. An yi niyyar barinta ta rushe, mutanen garin suka yi ƙara, aka ba Biyole aikin a 1853. Ya ta da ganuwar, amma aka kori matalautan da suka gina ɗakuna a tsakanin ganuwa biyun. Ya kuma rufe hasumiyoyin da fallayen baƙin dutse irin na arewa, alhali mutanen kudu da jan yumɓu gasasshe su ke rufi. Bayan 1960 aka sāke rufin waɗansu da jan yumɓu. A birnin Tulus ma, wajen ƙarshen ƙarni na 20, an cire abin da ya ƙara wa wata masujada aka mai da ita yadda ya same ta. A Piyarfon kuwa, inda Sarki Napoliyon na Uku ya ba shi kangon wata fada a 1857, abin da ya fito kusan sabon gini ne sanye da rigar tsoho.

Ya gina sababbi kuma tun daga harsashi da fasalin dā. Akwai masujada a garin San-Deni kusa da Faris, akwai kuma wata ƙarama da ya tsara wa Kiristan Sikotilan mazauna Lozan a ƙasar Suwizalan. Masana da yawa suna cewa sababbin nasa ba su kai gyare-gyarensa kyau ba.

Makarantar da ya ƙi shiga ba ta yafe masa ba. A 1863 gwamnati ta naɗa shi malami a can, amma da ya tashi koyarwa ɗalibai suka yi ta ihu da buga ƙafa, bayan 'yan makonni ya ajiye aikin. A yaƙin 1870, sa'ad da Jamusawa suka kewaye Faris, ya shiga soja yana da shekara 56, yana lura da ginin wuraren tsaro.

Ba za mu ɓoye muku ba, mutumin nan da ya ba da ransa ga gyaran masujadai ba mai zuwa sujada ba ne. Shugabannin ekklesiyar Roma suka zarge shi da rashin bangaskiya, har a 1874 ya bar aikin duba gine-ginen ekklesiya. Abin baƙin ciki ne mutum ya san kowane dutse na gida, bai kula da Maigidan ba. Duk da haka mun tuna Sulemanu ma daga Taya ya ɗauko gwanin da ya yi masa aikin tagulla na Haikali. Shari'ar zuciya ba tamu ba ce.

Aikinsa na ƙarshe shi ne gyaran babbar masujadar Lozan, wadda ta ke hannun masu bin gyaran ekklesiya tun 1536. Ya gina wa kansa gida a garin, a nan kuma ya rasu ran 17 ga Satumba 1879, yana da shekara 65, aikin bai ƙare ba. A Lozan aka binne shi. Gidan nasa ba wanda ya cece shi, an rushe shi a 1975.

Bayan gobarar 2019 gardamar nan ta dā ta sāke tashi. Waɗansu suka ce tun da tsororuwar ba ta asali ba ce, ƙarin Biyole ce, sai a gina ta zamani, ko da ta gilashi da ƙarfe. Aka yi fiye da shekara ana ja. A Yuli 2020 aka yanke shawara a mai da ita daidai yadda ya bar ta. Aka ɗauko zanensa da aka adana, aka sare itatuwan ok wajen 2,000 domin tsororuwa da rufi, kafintoci suka sassaƙe katakan tsohon rufin da gatari kamar yadda maginan farko suka yi. Aka buɗe masujadar ran 7 ga Disamba 2024.

Siffofin nan 16 kuwa wuta ba ta taɓa su ba, gama kwana huɗu kafin gobarar an sauko da su an kai su wurin gyara. A 2025 aka mai da su gindin sabuwar tsororuwa, Toma yana wurinsa, ya juya wa birni baya yana duban sama.