MARIGAYI SIR ABUBAKAR TAFAWA BALEWA: MALAMIN MAKARANTAR DA TURANCINSA YA ZAGA DUNIYA

Kowace shekara idan lokacin jarrabawar fita sakandare ya ƙarato, hankalin iyaye mazauna Ikko da Badun da Anaca yakan tashi saboda darasi guda, wato Turanci. Yaro ko ya ci sauran darussa duka, in bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a ba ta buɗe masa. To, ga tarihin wani bawan Allah wanda bai tashi da wannan harshe a gidansu ba, amma ya kai ga Turawa da kansu suna yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Balewa cikin ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba sarki ba ne, ba kuma attajiri ba. Ya fara da karatun allo kamar sauran yara, sa'an nan aka sa shi makarantar boko, daga bisani ya wuce makarantar lardi ta Bauchi. A wancan zamani da Hausa ake koyar da yara a elimantare, sai yaro ya yi nisa ake fara masa Turanci. Ke nan Abubakar ya riga ya yi wayo kafin ya kama harshen.

A 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suna gaba da shi. Makarantar ta yi suna wajen horar da ɗalibai su faɗi kowace kalma daidai, ba gaggawa ba haɗiye harafi. Ya gama a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a Midil, har ya zama hedimasta.

Abin lura, littafin da ya fara fito da sunansa da Hausa ya rubuta shi. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai. Abubakar ya aika da Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace zamanin cinikin bayi da uwarsa da ta ratsa hamada nemansa. An buga shi tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, kuma a 1967 Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci. Wanda ya iya tsara magana da harshen uwarsa, daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya ɓata hanya ba, shi ne zai iya tsara ta da baƙon harshe.

Bai tsaya ga aji kaɗai ba. Yana cikin ƙungiyar tattaunawa ta Bauchi, tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, inda ake muhawara kan al'amuran ƙasa. A 1945 aka tura shi Ingila, ya yi shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Da ya komo aka ba shi aikin duba makarantu, daga nan siyasa ta kira shi. A 1947 ya shiga Majalisar Dokoki ta Nijeriya, a 1952 ya zama Ministan Ayyuka, a 1957 kuwa ya zama Firayim Minista.

Ranar 1 ga Oktoba 1960 shi ya yi jawabin karɓar mulkin kai a filin sukuwa na Ikko, filin da yanzu ke ɗauke da sunansa. Cikin wannan wata ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. A 1961 ya ziyarci Amurka bisa gayyatar Shugaba Kennedy, ya yi wa 'yan majalisarsu jawabi. Muryarsa tana nan a ajiye har yau. Duk wanda ya saurara zai ji cewa ba manyan kalmomi yake jerawa ba. Magana ce a natse, kowace jimla ta cika kafin wata ta biyo.

Wannan kuwa shi ne abin da masu duba takardun hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma ke nema: yaro ya karanta ya gane, ya taƙaita abin da ya karanta da kalmominsa, ya rubuta wasiƙa ko insha'i a tsare. Yaran da ke tashi a kudu suna jin Turanci da Buroka a kasuwa da cikin mota tun suna ƙanana, gatan da Abubakar bai samu ba. Amma Turancin titi dabam, na takarda dabam. Sai iyaye su rage wa yaro zaman shago da talla a watannin jarrabawa, su sa shi karanta littafi da jarida a bayyane, ya kuma riƙa rubutu kullum malami yana gyara masa.

Sojoji suka kama Sir Abubakar a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta. An binne shi a Bauchi. Allah ya ji ƙansa, ya kuma ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, amin.